Kama da Wane Ba Ta Wane: Littafin Watchmen da Fim Ɗinsa

A watan Janairu na 2009 aka rufe gidajen silima uku da suka rage a ƙasar Kamaru, wato Abbia a Yawunde, da Wouri a Duwala, da Empire a Bafusam. Bayan wata biyu, cikin watan Maris, sai fim ɗin Watchmen ya fito a Amurka da Turai. Saboda haka wanda ya ga wannan fim a Garwa, ko Ngaundare, ko Tibati, a faifai ya gan shi, ko a gidan kallo na unguwa, ko ta tauraron ɗan Adam, ko a wayar hannu. Fim yana da ƙafa, ba ya jiran a gina masa ɗaki. Littafin da aka ɗauko labarin daga cikinsa kuwa ba shi da irin wannan ƙafa. Shafinsa ya kai wajen 400, yana da tsada, da wuya kuma a yi kiciɓis da shi a kasuwar Tibati. Masu kallo suna da yawa, masu karatu kaɗan ne.

Tambayar da ta taso ita ce, wanda ya kalli fim ɗin ya sami abin da ke cikin littafin? Wannan tambaya ba baƙuwa ba ce ga Hausawa. Littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya fito a 1934, Adamu Halilu ya mai da shi fim a 1976. Daga shekarun 1990 kuma masu shirya fim a Kano sun juya littattafan soyayya da dama zuwa bidiyo. Amma akwai bambanci. Shaihu Umar rubutu ne zalla, mai shirya fim shi zai ƙago fuskoki da tufafi da gidaje. Watchmen kuwa labari ne cikin zane, hotunansa suna nan a jere, har mutum ya ce ai an riga an gama rabin aikin, sauran a sa su motsi. Wannan zato shi ne ramin da fim ɗin ya faɗa ciki.

Labari cikin zane ba sabon abu ba ne a wannan yanki. Waɗanda suka yi makarantar boko a arewacin Kamaru a shekarun 1970 da 1980 sun san Zembla da Akim da Blek, ƙananan littattafan nan na Faransanci da ake ba juna aro har su yayyage, sun kuma san mujallar yara ta Kouakou. A Nijeriya an yi zamanin Lance Spearman tsakanin 1968 da 1972, sa'an nan a 1975 aka fara buga Powerman, labarin wani baƙin jarumi, wanda samari biyu 'yan Ingila, Dave Gibbons da Brian Bolland, suke zanawa. Gibbons ɗin nan da ya goge hannunsa yana yi wa yaran Nijeriya zane, shi ne ya zana Watchmen bayan shekara 11. Alan Moore ne ya rubuta labarin, John Higgins ya sa launi. Kamfanin DC Comics ya buga shi kashi 12, daga Satumba 1986 zuwa Oktoba 1987, kafin a haɗa shi littafi guda. A Faransanci an kira shi Les Gardiens, wato masu gadi. A 2005 mujallar Time ta sa shi cikin littattafan ƙagaggen labari 100 da ta zaɓa a harshen Ingilishi.

Labarin a Taƙaice

Labarin yana faruwa ne a birnin Niyok cikin 1985, amma a wata duniya da tarihinta ya karkace daga namu. A can, tun wajen 1939 waɗansu mutane suka fara rufe fuskokinsu, suna sa tufafin ban mamaki, suna farautar masu laifi da dare ba tare da izinin hukuma ba. A 1977 aka kafa dokar da ta hana su. Dukansu mutane ne kamar kowa, ban da guda ɗaya, Jon Osterman, masanin kimiyya wanda hatsari ya rutsa da shi a ɗakin gwaji a 1959, ya dawo da shuɗin jiki da iko a kan kowane abu. Aka raɗa masa Dakta Manhattan. Da shi Amurka ta ci yaƙin Biyetnam, Richard Nixon kuma yana nan kan mulki. Amurka da Tarayyar Sobiyet suna daf da jefa wa juna makaman nukiliya.

Ana cikin haka sai aka jefo wani tsohon jarumi, Edward Blake, daga tagar bene ya mutu. Rorschach, wanda ya ƙi bin dokar 1977, ya shiga bincike. Ya je wurin tsofaffin abokan aikinsa: Dreiberg, wanda dā yake shigar mujiya, yanzu ya yi teɓa yana zaman kaɗaici, Laurie, wadda uwarta ta tura ta cikin sana'ar tun tana yarinya, da Adrian Veidt, wanda ya ajiye abin rufe fuska ya zama hamshaƙin attajiri, ana yi masa kirarin wanda ya fi kowa basira a duniya. A ƙarshe ya bayyana Veidt ne ya kashe Blake, domin Blake ya gano shirinsa. Shirin kuwa shi ne ya hallaka miliyoyin mutane a dare ɗaya, ya sa duniya ta zaci wani maƙiyi ne daga waje, domin manyan ƙasashe su tsorata su daina gaba da juna. Shirin ya ci nasara. Sauran jaruman suka yarda su rufe baki. Rorschach ya ƙi, Dakta Manhattan ya kashe shi.

Mai karatu zai lura wannan ba labarin yabon jarumai ba ne. Blake ya yi yunƙurin yi wa abokiyar aikinsa fyaɗe, ya kuma harbe mace mai ɗauke da cikinsa a Biyetnam. Rorschach mai taɓin hankali ne, ba ya wanka, yana ƙyamar mata, yana karya yatsun mutane a mashaya don neman labari. Dakta Manhattan ya fara ganin rai da gawa duk ɗaya ne. Abin da littafin ke tambaya shi ne, idan jama'a suka miƙa tsaronsu ga mutanen da ba wanda yake tuhumarsu, me zai biyo baya? Hausawa sun taƙaita amsar tun da daɗewa da zancen kura da ajiyar nama.

Inda Fim Ɗin Ya Yi Daidai

An shafe fiye da shekara 20 ana ƙoƙarin mai da littafin fim. Terry Gilliam ya ɗauki aikin ya ajiye, yana ganin labarin ba zai shiga cikin fim guda ba. Darren Aronofsky da Paul Greengrass su ma sun taɓa suka bari. Wanda ya kai ƙarshe shi ne Zack Snyder, da rubutun David Hayter da Alex Tse. Alan Moore ya ƙi a sa sunansa. Gibbons kuwa ya ba da haɗin kai.

Dole a yaba wa Snyder kan abu ɗaya, ya girmama littafin. An taɓa shawarar a matso da labarin zuwa zamanin yaƙi da ta'addanci, shi kuwa ya bar shi a 1985. Bai wanke Blake ba, bai kuma ceci Rorschach daga mutuwa ba. Wurare da yawa ya ajiye kyamara daidai inda Gibbons ya ajiye idonsa, har mutum zai iya riƙe shafi kusa da allo ya ga kujera tana inda take, inuwa tana inda take. Jackie Earle Haley, wanda ya fito a Rorschach, da Jeffrey Dean Morgan a Blake, da Billy Crudup mai sanyin murya a Dakta Manhattan, duk sun shiga rigar da aka ɗinka musu.

Wurare biyu suka fi kyau. Na farko shi ne 'yan mintocin buɗewa, sa'ad da ake nuna sunayen ma'aikata. A kan wata waƙar Bob Dylan, an jera hotuna masu motsi a hankali, suna ba da tarihin shekara 40 na wannan karkatacciyar duniya: tashin jaruman farko, da yadda ɗaya ya haukace, ɗaya aka harbe shi, da kisan John Kennedy, da saukar mutum a kan wata. Abin lura shi ne wannan jeri ba ya cikin littafin a haka. Snyder ya tattaro abin da ke warwatse a shafuka da yawa, ya faɗe shi da harshen fim, wato hoto da kiɗa da lokaci. Na biyu shi ne zaman Dakta Manhattan a duniyar Mars, inda yake tuna rayuwarsa, da kiɗan Philip Glass yana jujjuyawa a ƙarƙashi kamar cikin agogo. Wato fim ɗin ya fi ƙarfi a inda ya daina kwafa ya yi fassara. Duk wanda ya taɓa yin tafinta a gaban taro ya san wanda ya bi kalma da kalma yakan fito da magana mai kama da ta asali amma ba rai a ciki.

Abin da Shafi Ke Iyawa

Gibbons ya raba yawancin shafukansa gida tara, uku a sama, uku a tsakiya, uku a ƙasa, kamar gidajen dara. Yakan haɗe gida biyu ko uku idan akwai dalili, amma ma'aunin bai canja ba daga farko har ƙarshe. Wannan tsari yana aiki kamar bugun agogo, labarin kuwa cike yake da agogo: uban Dakta Manhattan mai gyaran agogo ne, a bayan kowane kashi kuma akwai agogo da hannunsa ke matsawa minti ɗaya zuwa sha biyun dare.

Babban bambancin shafi da allo shi ne wa ke riƙe da lokaci. A littafi, mai karatu ne. Idonsa yana ganin gida tara a tare, abin da ya wuce yana hagu, abin da ke zuwa yana dama, yana iya tsayawa, yana iya komawa baya shafi 50 ya duba wata fuska da ya tuna. A babi na 4 an yi amfani da wannan sosai. Dakta Manhattan yana ganin jiya da yau da gobe lokaci ɗaya, shafin kuma yana ajiye 1945 da 1959 da 1985 kafaɗa da kafaɗa, har mai karatu ya ɗanɗana irin ganinsa. A fim kuwa hoto ɗaya ne a gaba, idan ya wuce ya wuce. Ko da yake wannan wuri ya yi kyau a fim ɗin, abin da ya rage a ciki tuna baya ne irin na kowane fim.

Babi na 5 ya fi nuna iyakar allo. An gina shi kamar taɓarya mai kai biyu: tsarin shafi na farko ya yi daidai da na ƙarshe, na biyu da na kusa da ƙarshe, haka har tsakiya, inda shafuka biyu suka haɗu a kan Veidt yana dukan wanda aka aiko ya kashe shi. Mai karatu da ya gano wannan zai ga cewa tun kafin a kai rabin littafin an riga an nuna masa wanda yake tsakiyar ƙullin, gama Veidt da kansa ya yi hayar maharin don ya kawar da zargi. Fim ya nuna harin, amma ba shi da yadda zai ninke kansa biyu a hannun mai kallo.

Har wa yau, a ƙarshen babi 11 daga cikin 12 akwai shafukan rubutu zalla: yanki daga tarihin rayuwar wani tsohon jarumi mai suna Hollis Mason, da takardun 'yan sanda, da wasiƙu, da yankan jarida. A nan ake jin yadda mutum mai hankali ya fara sa kayan wasa yana fita da dare, da kunyar da ta biyo baya. Ba wanda zai zargi mai fim don bai karanta wa masu kallo takardu ba. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Fim ɗin da aka nuna a silima minti 162 ne, dole a zubar da wani abu. Abin dubawa shi ne me aka zaɓa aka zubar, me aka riƙe.

Talakawan da Aka Share

A wata kusurwar titi cikin littafin akwai rumfar mai sayar da jarida. Tsoho ne mai yawan surutu, matarsa ta rasu. Kusa da shi wani baƙin yaro yakan zauna yana karanta littafin zane na 'yan fashin teku ba tare da ya biya ba. Dukansu biyu sunansu Bernard, amma ba su san haka ba sai daren mutuwarsu. Akwai mace mai tuƙin tasi da take zuwa sayen jarida, akwai 'yan sanda biyu masu bincike, akwai Dakta Malcolm Long, likitan ƙwaƙwalwa da aka ba aikin duba Rorschach a kurkuku, wanda abin da ya ji ya hana shi barci har aurensa ya fara rawa. Babi bayan babi ana komawa wurin waɗannan mutane. Ba su da iko, ba sa ciyar da binciken gaba. A daren ƙarshe faɗa ya kaure tsakanin mata biyu a kan titin, Dakta Long ya shiga rabo ko da yake matarsa ta gargaɗe shi, waɗansu ma suka matso don su taimaka. A daidai wannan lokaci makamin Veidt ya sauka. Tsohon ya rungume yaron don ya kāre shi.

Sa'an nan babi na 12 ya buɗe da shafi shida, kowanne hoto guda sukutum, ba magana ko ɗaya. Gawawwaki ne a tagogi da matakala da kan titi. Mai zanen da ya yi ta ƙuntata kansa cikin gida tara, a nan ya saki shafin duka. Cikin gawawwakin mai karatu yana gane fuskokin da ya sani. Mutum miliyan 3 lissafi ne kawai, amma tsohon mai jarida maƙwabci ne.

A fim ɗin silima an share kusan dukan wannan. Dakta Long ya zama likita mai yin tambayoyi na 'yan mintoci. Bernard biyu sun bayyana kamar ƙiftawar ido, mai kallo bai san su ba. Wani shuɗin haske ya haɗiye birnin, abin da ya rage rami ne mai faɗi, ba jini, ba gawa. Bayan harin 11 ga Satumba 2001 ana iya gane dalilin da zai sa kamfani ya ji nauyin nuna titunan Niyok cike da gawa. Amma sakamakon shi ne fim ɗin da bai ji kunyar nuna ana yanke hannun fursuna da zarto ba, ya kawar da kai daga mutuwar talakawa. Laifin Veidt ya yi sauƙi a ido, gama ba a nuna wa mai kallo abin da aka biya ba.

Littafin 'yan fashin tekun da yaron yake karantawa shi ma an cire shi, sai daga baya aka fitar da shi a faifai dabam, aka kuma saka shi cikin wani dogon bugu na minti 215. Labarin wani matuƙin jirgi ne da 'yan fashi suka hallaka mutanensa. Don ya riga su isa garinsu ya ceci iyalinsa, ya ɗaure gawawwakin abokansa ya yi fito a kansu. Da ya isa, tsoro ya rufe masa ido, ya kashe marasa laifi, ya auka wa matarsa cikin duhu, alhali 'yan fashin ba su zo garin ba. A littafin, maganar matuƙin tana faɗowa a kan hoton titin Niyok, maganar mai jarida tana faɗowa a kan hoton teku, a gida ɗaya. Wannan matuƙi madubin Veidt ne. Da aka cire shi, an cire hukuncin da littafin ya yanke wa Veidt ba tare da ya faɗa da baki ba.

Canjin Ƙarshe

Abin da masoya littafin suka fi yi wa ƙorafi shi ne canja makamin. A littafi, Veidt ya tara masu zane da marubuta da masana a wani tsibiri, suka ƙera wani ƙaton dodo mai kama da dabbar teku, ya jefa shi Niyok don a zaci halittun wata duniya ne suka kawo hari. A fim, ya tarwatsa manyan birane da yawa da irin ƙarfin Dakta Manhattan, aka ɗora wa Dakta Manhattan laifin. A gaskiya wannan canji yana da hujja. Dodon yana bukatar tsibirin da mutanensa, fim kuwa ba shi da wurin ajiye su. Sabon shirin ya yi amfani da wanda mai kallo ya riga ya sani. Rauninsa shi ne Dakta Manhattan makamin Amurka ne shekara da shekaru, da wuya sauran ƙasashe su ga biranensu sun ƙone su rungumi Amurka maimakon su tuhume ta.

Ɓarnar da ta fi wannan ƙarama ce a ido. A littafin, bayan komai ya lafa, Veidt ya keɓe da Dakta Manhattan, ya ambaci wani mafarki da ke damunsa mai kama da ƙarshen matuƙin nan, ya nemi a tabbatar masa cewa abin da ya yi daidai ne. Amsar da ya samu ba ta ba shi kwanciyar rai ba. Hotonsa na ƙarshe mutum ne shi kaɗai cikin shakka. A fim an ɗauke wannan hira, aka sa amsar a bakin Laurie a wani wuri dabam, aka ba Dreiberg dama ya naushi Veidt don mai kallo ya huce. Bugu da ƙari, Veidt na littafi mutum ne mai fara'a, abin so, mai tara kuɗi don masu fama da yunwa. Na fim kuwa, wanda Matthew Goode ya fito a ciki, tun ganin farko fuskarsa ta nuna mugu ne. Darasin da ya ɓace shi ne cewa mai hallaka jama'a yakan zo da fuskar mai taimako. Lissafin Veidt tsoho ne, irin na Kayafa ne, a sadaukar da waɗansu don sauran su tsira. Masu karanta wannan littafi sun san bambancin mai ceton da ya ba da ransa da wanda ya ba da rayukan waɗansu ba da saninsu ba.

Sa'ad da Duka Ya Zama Ado

Kuskure mafi girma yana cikin faɗace-faɗacen. A littafi, faɗa gajere ne, mummuna ne, masu yinsa suna haki. Sa'ad da 'yan daba suka tare Dreiberg da Laurie a lungu, an nuna abin cikin ƙananan gidaje, ana cuɗanya shi da hirar da ake yi da Dakta Manhattan a talabijin. A fim, wannan wuri ya zama biki. An rage gudun hoto don a ga ƙashi yana karyewa ya huda fata, a ga wuƙa tana shiga wuya. Tun a farkon fim ɗin ana fasa bango da naushi. Mutanen da littafin ya nace cewa mutane ne kawai, masu teɓa da tsoro, sun koma kamar aljanu. Idan kowa yana iya fasa bango, to Dakta Manhattan ya daina zama abin tsoro na dabam, ginshiƙin labarin kuma ya karkace.

Snyder ya zo ne daga fim ɗin 300, inda ƙawata yaƙi shi ne dukan sana'ar. Ya kawo wannan hannu cikin labarin da aka rubuta don a sa mutum ya ji ƙyamar irin wannan sha'awa. Kalmomin suna cewa waɗannan mutane marasa lafiya ne, kyamara kuwa tana cewa dubi yadda suka burge. Idan baki da ido suka saɓa, mai kallo ido yake bi, gama gani ya kori ji.

Rorschach ya fi kowa cin ribar wannan. Moore ya sha faɗa cewa ya ƙago shi ne don ya zama abin gargaɗi, ya kuma yi mamakin masu ɗaukarsa gwarzo. Ko a littafi yana da kwarjini, gama shi kaɗai ya ƙi sayar da gaskiya. Amma littafin bai ɓoye warinsa ba, da ƙiyayyarsa, da jaridar masu tsattsauran ra'ayi da yake karantawa. Fim ya rage waɗannan, ya bar murya mai kauri da jarumtaka. Shirin talabijin na HBO na 2019, wanda ya ci gaba da labarin littafin bayan shekara 34, ya fahimci wannan hatsari, ya nuna ƙungiyar masu ƙin baƙar fata suna sanye da fuskar Rorschach.

Abin da Ya Shafi Wannan Yanki

Wani zai ce ina ruwan mutumin Tibati da gardamar Turawa a kan littafin zane. Ruwansa shi ne zancen masu tsaro da ba hukuma ta naɗa su ba, ba tatsuniya ba ce a nan. Jihar Adamawa ta Kamaru ta sha fama da 'yan fashin hanya da ake kira zargina, da masu sace makiyaya da 'ya'yansu don kuɗin fansa. A Arewa Mai Nisa, tun daga 2014 ƙauyuka suka kafa ƙungiyoyin 'yan sintiri don tsare kansu daga Boko Haram, da yawa daga cikinsu sun rasa rayukansu suna tare masu ɗauke da bam. A Zamfara da Katsina akwai 'yan sa-kai. Jama'a suna gode musu, da dalili kuwa. Amma a wurare da dama an zargi waɗansunsu da ƙwace dabbobi, da ɗora wa abokan gaba laifin ƙarya, da kisa ba shari'a. Saurayin da ya ɗauki gora ko bindigar toka don ya tsare garinsu yana bukatar labarin da zai tambaye shi, idan ka yi kuskure, wa zai tsayar da kai? Littafin Watchmen yana yin wannan tambaya a kowane babi. Fim ɗin yana yinta da baki, sa'an nan ya ba shi hoton mutum mai rufaffiyar fuska yana karya ƙasusuwa cikin ruwan sama da kiɗa mai daɗi.

Hukuncin da ya dace shi ne, fim ɗin Watchmen aiki ne na ƙwazo da ladabi ga asalinsa, ya fi yawancin fina-finan jarumai nauyin tunani, akwai kuma minti 20 ko 30 a cikinsa da suka cancanci a sake kallo. Ba na yara ba ne, saboda jini da tsiraici, ya kamata iyaye da masu gidajen kallo su san haka. Ya ɗauko fuskar littafin, da tufafinsa, da yawancin maganganunsa. Ya bar tsarin shafin, wanda ba yadda zai yi ya ɗauka, ya bar talakawan titi, waɗanda da ya so da ya ɗauka, ya kuma ƙara wa duka kyan da marubucin ya hana shi da gangan. Wanda ya kalle shi ya san abin da ya faru a labarin, amma bai gama sanin abin da labarin yake nufi ba. Malami ko shugaban matasa da ya sami littafin, a Ingilishi ko a Faransanci, zai yi amfani ƙwarai idan ya buɗe shafuka shidan nan na babi na 12 a gaban waɗanda suka ga fim ɗin, ya tambaye su ina waɗannan mutane suke a cikin abin da suka kalla.